Kundin farko na wata mawaƙiyar sol daga Mai Wurno: nazarin yadda aka ƙi shi da yadda aka karɓe shi

Asali da tasowa

Mawaƙiyar da wannan nazari ya shafa, wadda ba za a ambaci sunanta ba, an haife ta ne a Mai Wurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu a kudu da Sinnar, wanda ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Farko da ya jagoranci sauran masu hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Tana ƙarama iyayenta suka koma Wad Madani, inda mahaifinta ke harkar auduga a gonakin Jazira, don haka ta tashi da harshe biyu: Hausa a tsakar gida, Larabcin Sudan a makaranta da kasuwa. Karatu da rubutu duk da Larabci ta koya. Hausarta ta baka ce, irin ta mutanen can, mai ɗauke da kalmomi kamar "lakin" da "ba'aden" a inda Bakano zai ce "amma" da "daga baya".

Da ta je Khartum karatun kiɗa ne ta haɗu da salon da ake kira sol. Salon ya taso ne a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka a ƙarshen shekarun 1950, daga waƙoƙin coci da kiɗan rawa na lokacin, kuma kamfanonin Motown a Detroit da Stax a Memphis suka yaɗa shi. Sam Cooke daga ƙungiyar waƙoƙin coci ya fito, Aretha Franklin kuwa 'yar limamin coci ce. Alamominsa sanannu ne: jagora da 'yan amshi, kayan busa masu ƙarfi, da jan murya a kan gaɓa ɗaya ana lanƙwasa ta sama da ƙasa har numfashi ya kusa ƙarewa. Bai zo wa kunnenta a matsayin baƙo ba, domin yawancin raujinsa yana tafiya ne a kan tsani mai matakai biyar, wanda shi ne ginshiƙin waƙar Sudan, har suna kiransa "sullam khumasi". Ƙasar ma tana da nata magabata a wannan hanya, irin su Sharhabil Ahmad da jitarsa, da Kamal Keila wanda wani kamfani na Jamus ya fitar da tsofaffin waƙoƙinsa a 2018.

Burinta shi ne ta yi kundin sol da Hausa. Tana yawan ambaton A'isha al-Fallatiya, haifaffiyar Kasala wadda iyayenta suka fito daga yammacin Afirka, wadda a 1942 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Umdurman. A gida kuwa ba a yi murna da burin ba. Mahaifinta yana kallon waƙa a matsayin sana'ar maroƙa, ya kuma shardanta mata abu biyu: kada ta yi wasa a gidan biki bayan dare ya raba, kada kuma sunan gidansu ya fito a jikin kundin.

Nuwamba 2019 zuwa Disamba 2020: ɗaukar kundin

An fara aikin ne a ƙarshen Nuwamba 2019, a daidai lokacin da gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke dokar nan ta kula da ɗa'ar jama'a wadda ta daɗe tana takura wa mata a kan sutura da fita da tarukan kiɗa. Matasan Khartum na cikin zumuɗi tun bayan faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun shekarar, kuma ƙananan situdiyo sun cika da masu son ɗaukar waƙa.

An tsara waƙoƙi 8: biyar da Hausa, uku da Larabci. Yadda aka gina kowane rukuni ya bambanta, kuma wannan bambanci ne ya zama tushen duk abin da ya biyo baya. Waƙoƙin Larabcin an bi da su ta al'adar Sudan, inda sha'iri ke fara rubuta baitoci, sannan mai sa rauji ya zauna a kansu ya ɗora musu karin da ya dace da kalmomin, daga nan mai rerawa ta karɓa. Na Hausar kuwa an bi da su ta ƙarshe zuwa farko. Mai haɗa kiɗan, matashi ne ƙwararre a fiyano amma ba ya jin Hausa, shi ya fara gina kiɗa da rauji, ita kuma ta riƙa bin raujin da gunguni ba kalma, sai da komai ya zauna sannan ta nemo kalmomin Hausa ta cusa a gurbin gungunin. Ta rubuta su da haruffan Larabci a littafinta, ba tare da alamar da ke nuna dogon wasali ko gajere ba. Babu Bahaushe ko ɗaya a situdiyon in ban da ita.

Aikin ya tsaya a Afrilu 2020 saboda kullen cutar korona a Khartum, ya ci gaba bayan damina cikin ɗaukewar wutar lantarki da tsadar man janareta. Kuɗin da aka ware na kayan busa huɗu bai kai ba, aka rage zuwa saksofon ɗaya da ƙaho ɗaya, 'yan amshi kuma aka fasa ɗaukarsu, ta riƙa ɗora muryarta a kan muryarta har sau uku. An kammala a Disamba.

Maris 2021: fitowa da abin da masu sharhi suka ce

Kundin ya fito makonni kaɗan bayan gwamnati ta karya darajar kuɗin ƙasar a Fabrairu 2021, daga fam 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya a farashin hukuma. Buga faifai ya gagara. An saka waƙoƙin a YouTube, aka rarraba su ta WhatsApp, aka kuma shirya zaman sauraro guda a harabar wata cibiyar al'adu a Khartum.

Martanin ya rabu gida uku. Masu sharhin kiɗa na Khartum, waɗanda Larabci kaɗai suke ji, sun yaba wa muryar da tsaftar kiɗan, suka fifita waƙoƙin Larabcin uku, suka kuma bi ta kan na Hausar da jimla ɗaya ko biyu, suna kiransu da ado mai ban sha'awa daga yammacin Afirka. Ɗaya daga cikinsu ya ba ta shawara a rubuce da ta fara da rera tsofaffin waƙoƙin Sudan da ake kira haƙiba, kamar yadda matasa da dama suka yi suna ta shirin talabijin na "Agani wa Agani" na watan azumi, kafin ta nemi a saurari nata.

Rukuni na biyu masu sauraro ne daga Najeriya da Nijar da waƙoƙin suka isa gare su ta intanet. Sun yi mamakin jin Hausa daga Sudan, wasu sun yi farin ciki, amma ƙorafinsu ɗaya ne: ba sa gane abin da take cewa. Mafi yawansu sun ɗora laifin a kan Larabcin da ya cakuɗe da Hausar.

Rukuni na uku, wanda shi ne aka yi kundin dominsa, Hausawan Sudan ne na Madani da Gadarif da Kasala da Damazin da unguwannin kudancin Khartum. Waɗannan ba su rubuta komai ba. Sun tura wa juna waƙoƙin a makon farko don alfahari da 'yar gida, daga nan shiru. Ba a ji su a rakshar haya ba, wato keke mai ƙafa uku, ba a ji su a gidan lalle ba, kuma cikin watanni uku na farko ba a gayyace ta wasa a bikin Bahaushe ko ɗaya ba, alhali an gayyace ta sau biyu a tarukan da waƙoƙin Larabcin kawai ake so.

Afrilu zuwa Satumba 2021: gyare-gyaren da ba su yi aiki ba

An gwada abubuwa uku, kowanne bisa wata fahimta ta inda matsalar take.

Na farko, an ɗauka kiɗan ne bai yi kama da na Hausa ba. Mai haɗa kiɗan ya nemo sautin kalangu da na goge da aka riga aka naɗa a kwamfuta ya zuba a ƙarƙashin waƙoƙi biyu. Sakamakon ya fi na farko muni, domin kalangu ganga ce mai magana, kuma wanda aka zuba yana faɗin abin da ba shi da alaƙa da baitocin. An janye su bayan mako biyu.

Na biyu, an karɓi zargin cakuɗuwar harshe. Ta aika baitocin ga wani marubucin waƙoƙi a Kano, ya cire kalmomin Larabcin Sudan ya maye gurbinsu da daidaitacciyar Hausa, ta sake rera waƙa ɗaya a kan tsohon raujin. Wannan gwaji ne ya fi kowanne amfani, duk da bai yi nasara ba, domin masu sauraron Najeriya sun ci gaba da cewa ba sa ganewa, alhali yanzu babu kalmar da ba su sani ba a ciki. Mutanen gida kuma suka ce ta fara magana kamar 'yar fim.

Na uku, an yi bidiyo mai ɗauke da baitocin a rubuce da Hausa da Larabci. An fi kallonsa a kan sauran, amma kallo ne na karatu, mutum ya bi rubutun ya gane, ya rufe, bai iya rerawa da bakinsa ba.

A ƙarshen wannan lokaci hauhawar farashi a Sudan ta wuce kashi 300 cikin ɗari, kuɗin aikin ya ƙare, kuma mai haɗa kiɗan ya ba ta shawarar ta ajiye Hausa ta yi kundi na biyu da Larabci zalla. Ta ƙi, ba tare da tana da wata mafita a hannu ba.

Oktoba 2021 zuwa Fabrairu 2022: watanni huɗu a Mai Wurno

Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 an katse intanet a ƙasar fiye da makonni uku, harkokin kiɗa suka tsaya a Khartum, mahaifinta ya tura ta Mai Wurno wajen kakarta. A can ne, wata rana da yamma, ta kunna waƙoƙin a waya ga kakar da wasu dattijai mata uku da ke tsinkar kuɓewa a tsakar gida. Ba a kai rabin waƙa ta farko ba suka fara dariya.

Waƙar ta buɗe ne da "gari ya waye", kuma raujin ya ja gaɓar farko ta kalmar "gari" har bugu huɗu. A Hausa wasalin wannan gaɓa gajere ne idan ana nufin gari na mutane ko wayewar gari, idan aka ja shi kuwa ya koma garin tuwo. A amshin waƙa ta uku akwai "na bar ki da kuka", inda raujin ya faɗo ƙasa a gaɓar ƙarshe. Kukan hawaye gaɓoɓinsa biyu a sama suke, wanda ya faɗo a ƙarshe shi ne kukar miya. Kakar ta ce mata: "Yarinya, ga gari ga kuka, tukunya kawai ta rage miki." Ta amsa da cewa: "Habboba, haka kiɗan ya zo." Kakar ta ce kiɗa ba ya zuwa kafin magana.

Kawunta, malamin allo ne a garin, shi ya fassara mata matsalar da harshen da ta sani. Ya ce abin da ta yi daidai yake da mai karatu da ke sa maddi a inda babu maddi, ya tambaye ta ko ta taɓa yin haka a waƙoƙinta na Larabci. Ba ta taɓa ba, domin a can makaranta ta horar da kunnenta, kuma baitocin ne suka riga raujin zuwa. Mawaƙin sol na Amurka yana iya jan wasalin Turanci yadda ya ga dama ba tare da kalmar ta koma wata ba, kuma raujin da aka gina mata an gina shi ne da wannan 'yanci. Hausa ba ta ba da shi. Karin sauti tana ɗan sassauta masa a waƙa, mawaƙan gargajiya ma sukan saɓa masa nan da can idan ma'ana ta riga ta fito, amma nauyin gaɓa shi ne ma'aunin waƙar kanta, kuma kunnen Bahaushe ba ya yafe shi.

Suka zauna da kawun suka bi waƙoƙi biyar ɗin gaɓa bayan gaɓa, yana sa alamar ja a duk inda raujin ya ja gajeren wasali ko ya juya karin kalma har ta rikiɗe. Babu waƙar da ta tsira, kuma wadda ta fi tsada a situdiyo ita ta fi cika da ja.

Hanyar da ta bi bayan haka mai sauƙin faɗi ce, mai cin lokaci. Takan karanta baiti da murya kamar magana sau da yawa, ta naɗa a waya, ta saurari inda muryar ke hawa da sauka da kanta, sannan ta faɗaɗa wannan hawa da sauka ya zama rauji a kan matakai biyar ɗin. Jan murya, wanda shi ne zuciyar sol kuma shi ta fi tsoron rasawa, bai ɓace ba, matsuguni kawai ya canza: ya koma kan dogayen wasula da ƙarshen layi. A "gari ya waye" an bar "gari" ya wuce da sauri, aka ja gaɓar farko ta "waye", wadda dama doguwa ce, ta lanƙwasa ta yadda take so. Ta kuma mayar da "lakin" da 'yan uwanta inda suke tun farko.

Akwai abu na biyu da zaman ya haifar wanda ba a shirya shi ba. Tana jin matan suna waƙar niƙa da ta daka, ɗaya ta bayar sauran su karɓa, ta gane cewa amshin da ta yi ta ƙoƙarin ƙirƙira da muryarta ita kaɗai a Khartum ga shi nan a tsakar gida. Da izinin mazajensu da 'ya'yansu, mata huɗu suka yarda a naɗi muryarsu, bisa sharaɗin ba za a ɗauki hotonsu ba. An naɗa a ɗakin kakar da ƙaramar na'ura, aka jingina katifu a bango don rage amsa-kuwwa, da gangar Sudan ɗaya da ake kira dalluka da kiɗan ƙwarya.

Mayu zuwa Disamba 2022: fitowa ta biyu

An sake fitar da kundin bayan ƙaramar salla da waƙoƙi 7. Uku na Larabcin ba a taɓa su ba. Cikin biyar na Hausar an sake gina uku, an jefar da biyu da suka ƙi gyaruwa, an ƙara sabuwa guda, waƙar reno da ta ɗora a kan wadda kakarta ke yi. An riƙe jitar bes da saksofon, aka rage fiyano.

A wannan karo rukuni na uku ne ya fara motsi. Kafin babbar salla an gayyace ta bukukuwan Hausawa shida a Madani da Sinnar da Gadarif, kuma a cikinsu mata suna karɓar amshi ba tare da an koya musu ba. Masu sauraro daga Najeriya da Nijar suka daina ƙorafin rashin ganewa, suka koma tambayar ma'anar kalmomin Larabcin ɗaya bayan ɗaya. Masu sharhin Khartum sun rabu. Wanda ya ba ta shawarar komawa haƙiba ya rubuta cewa kundin ya yi asarar ƙyallinsa na farko, muryoyin tsofaffin kuma ba su da horo. Wata mai sharhi kuwa ta ce yanzu ne ta ji dalilin da ya sa aka yi waƙoƙin da Hausa, ko da yake ba ta jin harshen.

A Yuli 2022 rikicin da ya shafi Hausawa ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, aka kashe mutane masu yawa, dubbai suka rasa matsuguni, Hausawa suka fita zanga-zanga a Khartum da Kasala da Gadarif da wasu garuruwa. Waƙar renon, wadda ba ta da kalma ɗaya ta siyasa, aka riƙa ɗora ta a kan hotunan mata da yara da suka gudu. Ta nan ta isa ga mutanen da ba su taɓa jin sunan sol ba. Mawaƙiyar ta dakatar da wasan biki har tsawon wata biyu, ta kuma ƙi tayin sake rera waƙar da sababbin baitoci na siyasa.

Afrilu 2023 da abin da ya biyo baya

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya same ta tana shirin kundi na biyu. Ta koma Madani, da garin ya faɗa cikin yaƙin a Disamban shekarar ta wuce Gadarif tare da iyayenta. Kwamfutar da ke ɗauke da ainihin sautukan kundin an bar ta a situdiyon Khartum, ba a sake ganinta ba.

Hukunci

A ganina matsalar kundin tun farko ta tsarin aiki ce, kuma ana iya nuna ta da yatsa: an gina rauji kafin kalma a harshen da tsawon wasali da karin sauti ke rarrabe ma'ana, ba tare da kunne na biyu mai jin harshen a ɗakin ba. Gyare-gyare ukun farko sun faɗi ne domin kowannensu ya taɓa wani abu dabam, kayan kiɗa ko kalmomi ko hoto, ya bar raujin yadda yake. Gwajin Kano ya kamata ya isa hujja tun a lokacin, kuma na ɗauki watannin da aka ɓata bayansa a matsayin kuskuren da za a iya kauce masa.

Masu sharhin da suka yi rubutu a 2021 ba su yi ƙarya ba a kan abin da suka ji, amma babu ɗaya cikinsu da ke da damar jin aibin, kuma waɗanda suka ji shi ba al'adarsu ba ce su rubuta. Shirun mutanen Madani da Gadarif shi ne sharhi mafi daidai da kundin ya samu, an kuwa ɗauki watanni bakwai kafin a karanta shi. Ina kuma ganin mai sharhin da ya ce an rasa ƙyalli yana da gaskiya ta wani ɓangare, domin naɗin Mai Wurno bai kai na situdiyo tsafta ba, ana jin kukan akuya a bayan waƙa ɗaya, kuma waƙoƙi biyun da aka jefar su ne suka fi nuna iyakar ƙarfin muryarta.

Ba zai zama adalci ba a danganta dukkan karɓuwar 2022 ga gyaran. Gayyatar bukukuwa shida ta zo kafin rikicin Yuli, don haka ita ce ma'aunin da na dogara da shi. Yaɗuwar waƙar renon bayan haka baƙin cikin jama'a ne ya ɗauke ta, kuma ita kanta mawaƙiyar ba ta lissafa shi cikin nasarorinta. Abin da ya rage na kundin a yau shi ne kwafen da ke cikin wayoyin mutane, da littafin baitocin mai alamun jan alƙalamin kawunta, wanda ta fita da shi daga Madani a cikin jakar hannunta.